Abul Ƙasim Az-Zahrawi: Likitan Ƙurɗuba Da Ya Rubuta Ciwon Da Ake Jin Kunyar Faɗa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci ɗan Adam a cikin kyakkyawan tsari, Ya jarrabe shi da cuta, Ya kuma buɗe masa ƙofar neman magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a garuruwanmu na bakin ruwa, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski, da wuya a rasa unguwar da ke da wani dattijo wanda aka saba gani a sahun farko, sannan aka wayi gari ya rage zuwa jam'i. In an tambaya sai a ce jiki ne. 'Ya'yansa sun san yana tashi sau biyar ko shida a cikin dare, ya daɗe a bayi, ya fito bai gamsu ba. Iyalinsa ta san yawan wankin da take yi. Amma kowa ya yi gum, domin ciwon mafitsara yana cikin cututtukan da kunya ke lulluɓewa har su yi ƙarfi. Wannan ne ya sa muka zaɓi mu kawo tarihin wani malami Musulmi wanda ya zauna, fiye da shekaru dubu da suka wuce, ya rubuta wannan ciwo dalla-dalla, ya zana kayan aikinsa da hannunsa, ya kuma koya wa ɗalibansa lokacin da ake sa wuƙa da lokacin da ake janye ta.

Sunansa da zamaninsa

Sunansa Khalaf ɗan Abbas, alkunyarsa Abul Ƙasim. Ana ce masa Az-Zahrawi saboda birnin Madinatuz Zahra na ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau, ana kuma ce masa Al-Ansari saboda danganta asalinsa ga Ansar mutanen Madina. Turawa da suka karanta shi daga baya sun karya sunan ya koma Albukasis. An haife shi wajen shekara ta 325 bayan Hijira, daidai da 936 Miladiyya.

Zahra birni ne na sarauta wanda Halifa Abdurrahman An-Nasir ya gina a gindin tsauni, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, bayan ya ayyana kansa halifa a 929. Ɗansa Al-Hakam Al-Mustansir, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai son littafi ƙwarai, yana aika wakilai Bagadaza da Misira da Sham su sayo masa duk abin da aka wallafa. A 951 wani malamin Kirista mai suna Nikola ya iso Ƙurɗuba daga ƙasar Rum domin ya taimaki likitocin birnin su fahimci littafin Diyoskoridis na itatuwan magani, wanda Sarkin Rum ya aiko wa halifa kyauta. A cikin wannan yanayi Az-Zahrawi ya tashi, ya yi karatu, ya yi aiki, kuma masu tarihi na baya sun lissafa shi cikin likitocin fadar Al-Hakam.

Mutanen Andalus Malikawa ne kamar mu. Ɗalibin da ke karanta Risala a zaure yau zai so ya san cewa mai ita, Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira (996), zamaninsu ɗaya da wannan likita: ɗaya yana Ƙairawan yana rubuta hukuncin tsarki ga wanda fitsari ke zubo masa, ɗaya yana Ƙurɗuba yana binciken abin da ke sa fitsarin zubowa.

Imam Ibn Hazm, wanda ya riske shi ya gan shi da idonsa, ya ambace shi cikin mutanen da Andalus ke alfahari da su, ya kuma yabi littafinsa da cewa ba a rubuta wanda ya fi shi tattara ilimin likitanci da kyawun tsari ba.

Littafin At-Tasrif

Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, bayan kusan shekaru 50 yana duba marasa lafiya, Az-Zahrawi ya kammala littafinsa At-Tasrif liman ajiza anit ta'lif. Manufarsa ita ce ɗalibin da ba shi da halin tara littattafai ya sami guda ɗaya da zai ishe shi. Ya kasa shi maƙala 30. Ta farko ta yi magana a kan tushen ilimin likitanci, ta biyu ta bi cututtuka daga kai zuwa ƙafa da alamominsu, mafi yawan sauran kuwa a kan haɗa magunguna suke. A cikin ta biyu ne ya ba da labarin wani ƙauye inda maza ke mutuwa saboda jininsu ba ya tsayawa ko da rauni ƙarami ne, bayanin da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a kan wannan cuta ta gado.

Maƙala ta 30 ce ta ɗaukaka sunansa. Ita ce ta fiɗa, kuma ya raba ta uku: lalas, sannan yanka da huda da ɗinki, sannan ɗori. Ya zana kayan aiki kusan 200 a tsakanin layukan rubutu, kowanne da siffarsa da ƙarfen da ake ƙera shi da shi. Ya ɗebo da yawa daga magabata, musamman Jalinus da Bulus na Girka da Ar-Razi, kuma bai ɓoye hakan ba. Abin da ya ƙara shi ne abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya gwada. A ko'ina cikin littafin 'ya'yansa yake kiran ɗalibansa.

Dattijon da ya ƙi yi wa fiɗa

A gabatarwar wannan maƙala ya koka cewa aikin fiɗa ya lalace a ƙasarsu har ya kusa ɓacewa, saboda masu yin sa ba su san tsarin jikin mutum ba. Ya shardanta cewa kafin ɗalibi ya taɓa wuƙa sai ya san gaɓoɓi da jijiyoyi da hanyoyin jini, inda suka taso da inda suka nufa. Domin ya tabbatar musu da haɗarin jahilci ya kawo misalai huɗu da ya shaida. Ɗaya daga ciki na mafitsara ne.

An kira shi wurin wani dattijo mai tsakuwa a mafitsara. Da ya duba ya ga girman tsakuwar, ya ga shekarun mutumin da raunin jikinsa, sai ya fahimci cewa ba zai jure aikin ba, ya ƙi yi. Wani likita da bai san abin da Az-Zahrawi ya sani ba ya karɓi aikin. Ya yanka, ya finciko tsakuwar tare da wani yanki na mafitsarar, dattijon ya rasu bayan kamar kwana uku.

Daga wannan ya gina ƙa'idarsa. Ya ce wa ɗalibansa aikin fiɗa iri biyu ne: wanda galibi ake tsira da shi, da wanda galibi halaka ke biyo baya. Ya umurce su da su yi taka-tsantsan da tausasawa, su guji na biyun, kada kwaɗayin lada ko son suna ya kai su ga abin da zai ɓata musu addini da mutunci. A wurinsa sanin inda za a tsaya yana cikin ilimin kansa.

Idan fitsari ya tsaya

Ya ware babi ga mutumin da fitsari ya taru masa a mafitsara ya ƙi fita. Ya lissafa abubuwan da ke toshe hanya: tsakuwa, ko gudan jini, ko mugunya, ko tsiron nama. Ya ce a fara da magunguna da hanyoyi masu sauƙi, sai in sun gaza kuma azaba ta tsananta a koma ga bututu.

Bututun nasa na azurfa ne, siriri, mai santsi, mai rami a ciki kamar gashin tsuntsu, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi, da ɗan mazurari a ƙarshensa. Ana ninka zare a ɗaura ɗan ulu a bakinsa a zura a cikin bututun. Ana shafe bututun da mai ko man shanu ko farin ƙwai. Sannan ya bayyana yadda hannu zai bi lanƙwasar hanyar fitsarin namiji a hankali, da farko zuwa ƙasa, daga baya a ɗaga wajen cibiya, har likita ya ji bututun ya faɗa wuri mai faɗi. Daga nan sai a ja zaren da sauƙi, ulun ya jawo fitsarin a bayansa. Wanda ya taɓa raka mahaifinsa asibiti cikin dare aka sa masa robar fitsari, ya ga yadda fuskarsa ta saki nan take, zai gane girman wannan babi.

Babin da ke biye na wanke mafitsara ne idan akwai gyambo ko jini ko mugunya a ciki. Ya zana wani abu na azurfa ko hauren giwa, mai dogon bututu da abin turawa a ciki, wanda in an ja shi ya zuƙi ruwan magani, in an tura ya fesa shi ciki. Ya kwatanta aikinsa da abin da mayaƙan teku ke fesa man wuta da shi. Wannan shi ne sirinji a siffarsa ta farko-farko. Ga wanda ba shi da halin wannan, ya nuna yadda za a ɗaura mafitsarar dabba a bakin bututu a cika ta da magani a matse.

Tsakuwar mafitsara

A nan ne ya fi zurfafawa. Ya lura cewa tsakuwar mafitsara ta fi yawa ga yara maza, aikinta ya fi sauƙi ga waɗanda ba su wuce shekara 14 ba, ya fi wuya ga tsofaffi. Ya ce a fara wanke cikin majinyaci, a sa shi ya motsa domin tsakuwar ta gangaro wuyan mafitsara, likita ya lalubo ta da yatsa ya tsare ta, sannan ya yanka daga ƙasa, a ɗan karkace wajen hagu, daidai girman da tsakuwar za ta fita.

Gargaɗinsa mafi muhimmanci a kan babbar tsakuwa ne. Ya ce jahilci ne a faɗaɗa yanka saboda ita, domin ɗayan biyu zai faru: ko majinyaci ya mutu, ko ya rayu da ɗigar fitsari har abada saboda wurin ba zai warke ba. Abin da ya koyar shi ne a kama ta da awartaki a farfasa ta, a fitar da ita gutsure-gutsure. Ga tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari kuwa, ya yi amfani da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki da mariƙin itace, wanda ya kira mish'ab. Ana ɗaure bayan tsakuwar da zare don kada ta koma ciki, a zura ƙarfen a hankali, a riƙa juya shi har ya huda ta, sai fitsari ya sami hanya, a matse ragowar ta farfashe ta fito. Masu tarihin likitanci suna ganin nan ne tushen tunanin farfasa tsakuwa a maimakon tsaga jiki.

Matsalar mata da zubar fitsari

Da ya zo kan mata bai yi shiru ba. Ya faɗi gaskiyar zamaninsa: mace mai kamun kai ba ta yarda ta buɗe jikinta ga likita namiji, kuma da wuya a sami macen da ta iya wannan aiki. Mafitar da ya kawo ita ce a nemi likita mace, in ba a samu ba a zo da ungozoma ƙwararriya, likita ya tsaya yana faɗa mata abin da za ta yi mataki-mataki. Ya kare mutuncin majinyaciya, ya kuma sama mata magani.

Game da wanda ba ya iya riƙe fitsari, ya bi fahimtar likitocin zamaninsa cewa sanyi da laima ne ke sassauta mafitsara, ya ba da shawarar yin lalas a mara da ƙasan baya. A nan ilimi ya wuce shi. Yau an san cewa zubar fitsari na iya zuwa daga raunin tsokar da ke riƙe mafitsara, ko cutar jijiya, ko ciwon sukari, ko raunin doguwar naƙuda, ko ma daga toshewa, inda mafitsara ke cika har ta riƙa ambaliya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wuta ke warkarwa. Faɗin haka bai rage masa daraja ba, domin shi da kansa ya gyara magabatansa a inda ya ga gwaji ya saɓa musu.

Rasuwarsa da tafiyar littafinsa

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da fitinar da ta tashi a Andalus daga 1009. A 1010 mayaƙa suka shiga Zahra suka wawashe ta, birnin da aka gina a zamanin yarintarsa ya zama kufai yana raye. Ya rasu wajen 404 bayan Hijira, daidai da 1013. Allah Ya jiƙansa.

Littafin kuwa ya ci gaba da tafiya. Jirad na Kirimona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara maƙalar fiɗa zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, ta zama abin karatu a makarantun likitanci na Italiya da Faransa tsawon ƙarnuka. Babban likitan fiɗa na Faransa Gi da Sholiyak ya ambace shi kusan sau 200 a littafinsa na 1363. A 1465 likitan Turkiyya Sharafuddin Sabunju'oglu ya gina nasa littafin mai zane-zane a kansa. An buga shi a Benis a 1497, a Okusfod da Larabci da Latin a 1778, an kuma fitar da fassarar Turanci tare da matanin Larabci a 1973. Har yau akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗora. A 1536 Nikolo Massa na Benis ya siffanta ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ke ratsawa ta tsakiyarsa, wato abin da likitoci ke kira furostet. A 1761 Morgani na Italiya ya bayyana yadda kumburinsa ke hana tsofaffi fitsari. A 1824 Sibiyal ya farfasa tsakuwa a cikin mafitsarar mai rai a Faris ba tare da yanka ba. Robar fitsari mai ɗan balan-balan da ake amfani da ita yau likitan Amurka Foli ne ya ƙirƙiro ta, ta yaɗu a shekarun 1930. A 1980 aka fara farfasa tsakuwar ƙoda da na'ura daga wajen jiki a Jamus.

Abin da ya shafe mu

Mu mutanen bakin Kwara da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, muna da rabo babba a wannan babi. Tsargiya, wadda likita Bilhaz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, tana shiga jiki ta fata a ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da ita yake, kuma 'ya'yan masunta da manoman fadama kullum a ruwa suke. A wasu gidaje ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar girma. Cuta ce, tana da magani mai sauƙi a asibiti, in kuwa aka bar ta shekaru tana taurara mafitsara, ta lalata ƙoda, har ta iya kaiwa ga ciwon daji.

Dattawanmu kuma su sani cewa kumburin furostet abu ne da ke zuwa da shekaru, kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da shi, kuma ba alama ce ta wani laifi ba. Yawan tashi cikin dare, raunin fitar fitsari, jira kafin ya zo, ɗiga bayan an gama, duk dalilai ne na ganin likita. Fitsarin da ya tsaya cak lamari ne na gaggawa, domin in ya taru yana komawa baya ya danne ƙoda. Wannan ba wurin mai tallar magani da lasifika a kasuwa ba ne. Labarin dattijon Ƙurɗuba ya ishe mu darasi a kan miƙa jiki ga wanda bai san cikinsa ba.

Matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, wanda Ibn Sina ya alaƙanta da wahalar haihuwa tun ƙarni na 11, ana yi musu ɗinki su warke a cibiyoyi irin na Gesse a Birnin Kebbi da Babbar Ruga a Katsina. Haƙƙinsu a kan mazajensu da iyayensu shi ne a kai su, a zauna da su, kada a ware musu kwano.

Shari'a ma ta sauƙaƙa. A mazhabarmu, fitsarin da ke zubowa ba da son mutum ba, idan yana lazimtar sa rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla matuƙar babu wahala. Wanda abin ya shafa ya tambayi malami a kan halinsa, ya kiyaye tufafinsa da tsabtar masallaci gwargwadon iko. Uwar Muminai A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba, kuma ga wani jikan Ansar kunya ba ta hana shi rubuta abin da zai ceci rayuka ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga ɗalibai kuwa, likitanci farilla ce ta kifaya, in babu mai yi duk al'umma ta ɗau nauyi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da ɗawainiyar mulki ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir. Kukan da Az-Zahrawi ya yi na rashin likita mace har yanzu ana yin sa a ƙauyukan Shanga da Ngaski, kuma amsarsa tana hannun iyayen da za su bar 'ya'yansu mata su yi karatun jinya da ungozoma da likitanci.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Abul Ƙasim, Ya sanya iliminsa cikin sadaka mai gudana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya ba mu zuriya mai amfanar al'umma. Amin.